Rabin Littafinka, Laminu

Laminu,

Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ba ka taɓa tsayawa ka ji ƙarshenta ba. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Babu raƙumin da ke zuwa inda kake, babu kuma madugun da zan damƙa wa. Duk da haka sai na rubuta, don tun da hantsi nake zagaya mangaza, ɗakin ajiyar kayan kanti, na zauna na tashi, na auna fata guda sau biyu, har masu ɗaukar kaya suka fara kallona ta wutsiyar ido. Da ajami nake rubuta maka. Faransancin da muka sha bulala a kansa a lakwal, makarantar Nasara, ba zai ɗauki abin da ke cikina yau ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Ni dai ban huta ba, kuma kai ne sanadi.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce ban da kirki. Inna, mahaifiyarka, tana nan, sai ciwon ƙafar da ka sani. Yayanka Habu ya gyara dangar gida, ya shuka gonarka bana, an ce geron ya yi kai. Matarka Hajara ta sauka lafiya bayan tafiyarka da 'yan makonni, namiji. Muhammadu aka raɗa masa, amma kowa Audi yake kiransa, tun da bai tarar da ubansa ba. Ni ina Tanut, a kantin Nasaran nan da muke kira Mai Lofe, gaban sikelin da ka bar ni. Ka ji na ce gaban sikeli. To, ka riga ka gane ƙarshen labarin ke nan, amma sai ka ji yadda aka yi, don da hannunka a ciki.

Ka tuna ranar da ka yanka littafin? Ni ban manta ba. Mu biyu muka fito daga lakwal ta Damagaram da 'yar takardar da ta isa a tsayar da mutum yana awon gero da fata da ƙaro, ni a nan, kai a reshen kantin da ke Tarka. Aikin kontabul kuwa, babban akawun da ke riƙe lissafin kanti gaba ɗaya, kullum baƙo ake kawowa daga bakin teku, mu namu mu share masa tebur. Kai ka fara cewa me ya fi mu da shi in ban da jarrabawa guda da ya zauna? Kai ka samo littafin koyon lissafin kanti a hannun wani akawu mutumin Sanagal da zai koma gida, kuma a duk Damargu ba na jin akwai na biyunsa. Na ce mu riƙa karɓa-karɓa. Ka ce in haka ne raƙumi zai fi mu karanta shi, tun da rabin shekara a hanya zai yi. Kafin in buɗe baki ka zaro wuƙa ka bi ɗinkin bayansa. Na yi ihu sai ka ce ni ka yanka, kai kana ta dariya. Ka miƙo mini farkon, ka tura ƙarshen cikin rigarka, wai ya fi ƙarfin kaina. Muka shirya kowa ya haddace nasa, da kaka mu yi musanya, da bazara mu haɗu a Damagaram kafin jarrabawa, kowa ya warware wa ɗan'uwansa abin da ya cije masa.

Na riƙe nawa alkawarin, wallahi na riƙe. Ba ni da lokacin karatu sai in Mai Lofe ya shiga barcin rana. Sai in haye kan ƙullin fatu a ƙuryar mangaza, wari ya ishe ni, ƙudaje su ishe ni, in buɗe warƙa. Layi biyu zan karanta a kwaɗa mini kira, Abzinawa sun iso suna son shayi da sukari. In sallame su in dawo, ga Bafulatani da fatar bijimi, yana rantsuwa sikelina ya ci masa rabi. In na dawo na uku na manta inda na tsaya, in koma farko. Haka na koyi yadda ake rubuta shiga da fita, da yadda kowane abu sai ya zauna wuri biyu a littafi, dama da hagu. Rabin nan nawa a cikin riga yake kwana yake yini, har gumi ya mayar da shi launin ƙasa. Da ka ganni ina tafiya rijiya ina maimaita ka'ida a baki, mata suna kauce mini a hanya, da ka yi abin da ka saba, ka riƙe ciki.

Sai kai ka karya naka. Ana saura kaɗan a fara yankan gero zazzaɓi ya kwantar da kai, bai bar ka ka tashi ba. Wani madugu ne ya kawo labarin, kuma sai da ya gama cinikin gishirinsa tsaf sannan ya tuna ya gaya mini. Na yi salati, na zauna a kan buhu. Ka san abin da ya faɗo mini a rai bayan salatin? Littafin. Kada ka ɓata rai, kai ma da shi za ka fara. Na roƙi Mai Lofe ya bar ni in je gaisuwa, ya cire lofen daga baki ya ce kaka ta kama, gero na shigowa, wanda ya mutu kuma ba zai ƙara mutuwa ba in na jira.

A cikin jiran nan ne maganar ta ƙara tsanani. Aka ce Gwamna zai tashi daga Damagaram ya koma Yamai da ofisoshinsa, jarrabawar bana ita ce ta ƙarshe da za a yi kusa da mu. Wa zai sake ni in yi tafiyar Yamai? Mai Lofe ya faɗa mini baro-baro, sau ɗaya zai ba ni hanya. Kontabul ɗinmu zai koma ƙasarsu da damina, in na ci kujerar tawa ce, in ban ci ba a kawo wani, kada kuma in sake tayar masa da zancen. To ka ga inda ka bar ni: dama guda, da rabin littafi.

Sai da sanyi ya shigo sosai na sami zuwa Tarka. Na yi gaisuwa, Inna ta riƙe hannuna ta ƙi saki, na je na tsaya a kan kabarinka. Na daure har kwanakin kunya suka wuce, sannan na ja Habu gefe na tambaye shi takardunka. Ya shiga ɗaki ya fito da gafaka. Tun daga kaurin abin na san da magana.

Laminu, an raba littafinka gado.

Malam Ari ne ya yi rabon, bayan sunan Audi. Ka san shi, mutum ne mai tsoron haƙƙi, ba ya barin ko igiya. Awaki da riguna da sirdi duk an yi musu kuɗi an raba. Da aka zo kan takardun aka rasa mai sa musu farashi, don babu mai saye. Habu ya ce a bar wa yaron duka. Malam ya ce uwa da mata suna da haƙƙi ko a cikin allura, shi ba zai shiga kabari da nauyin kowa ba. Kuma ka san littattafan malamanmu warƙa-warƙa suke, ba ɗinki, naka kuwa ka karanta shi har zaren ya warware. Da ya duba sai ya ga littafi kamar kowane littafi. Ya lashi yatsa ya ƙirga warƙoƙin, ya ɗebo tumuni daga sama ya ba Hajara, ya ɗebo sudusi daga ƙasa ya ba Inna, tsakiyar ta zama ta maraya. Na je har zaurensa na ce littafin nan tare muka mallake shi. Ya tambaye ni ina nawa rabin, na dafa ƙirji. Ya ce to ai an riga an raba tun mai shi yana da rai. Me zan ce? Wuƙarka ce ta kashe mini baki.

Kason Audi dukiyar maraya ce, ba ta fita daga gidan. Abin da aka yarje mini shi ne in kwafa. Na zauna a zauren Habu tun daga fitowar rana har ta faɗi, yatsuna sun sandare don sanyi, ina jan layuka da tsinken kara. Tawadar kanti ta ƙare, na koma ta malamai, ta ƙaro da gawayi, wadda in ta sha gumi take bin hannu. Na ga inda ka zubar da fura a kan wata warƙa, na ga inda ka murƙushe sauro. A nan ne na yi kukan da ban yi a kabarinka ba, Habu ya leƙo ya koma.

Da na gama na shiga wurin Inna, na yi ta kewaye-kewaye kafin in tambayi nata kason. Ashe ta kai wa baduku ya nannaɗe su ya ɗinke cikin jar fata, ta rataya wa Audi a wuya. Malam Ari ya gaya mata babu sunan Allah a ciki, rubutun Nasara ne. Ta ce ta sani, ta sa an yi wata mai sunan Allah an haɗa su igiya ɗaya, wannan kuwa ta ubansa ce. Ta ce takardun nan ka fi kallonsu a kan fuskarta, to bari su zauna a ƙirjin ɗanka, tun da hannunka bai taɓa shi ba. Ta ce ita ta riga ta bayar, ba ta karɓar kyauta, in ina da magana in je in yi da Hajara. Hajara kuwa ta koma gidan iyayenta a Falanko da yaron, kwanakin da aka ba ni kuma sun ƙare.

Na dawo Tanut na sha faɗa, na koma kan fatuna. Sai na tarar abin da na kwafo kamar ɗaki ne ba ƙofa ba rufi. Na farkon dai, kason Hajara, ana iya lalubawa. Amma kason Inna, na ƙasa, shi ne babin rufe shekara, abin da suke kira bilan, inda ake tara duk abin da kanti ya mallaka da duk abin da ake bin sa, a auna har gefe biyu su zo daidai. Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar nan ya ce a nan ake faɗuwa. Don me ka ɗauki ƙarshen, Laminu? Da ka bar mini shi ko ban gane ba, ai da yana cikin rigata. Na lallaɓa wurin kontabul ɗinmu, na kai masa zabi, na kai masa zuma. Ya ci ya sha, ya ce kansa na ciwo. Daga baya na ji ashe ƙanin matarsa yake wa tanadin kujerar, shi ya sa littattafansa ba sa kwana sai cikin akwatin ƙarfe. Na aika Damagaram a nemo mini ko aro, aka ce babu. Mai Lofe ya ce in aka yi odarsa daga ƙasarsu sai bayan damina zai iso. Na daina jin ɗanɗanon tuwo. Ina sallah lissafi na shigo mini, Allah ya yafe.

Da bazara ta kama Mai Lofe ya so a sayo gero a kasuwar Falanko. Ban bar kowa ya buɗe baki ba, na ce ni zan je. Na gama awon a gurguje, na bar buhuna a hannun masu raƙuma, na nemi gidan surukanka.

Hajara ta rame, amma tana nan da natsuwarta. Ban gama bayani ba ta tashi ta ɗauko nata kason a cikin kwalla, a naɗe da tsumma mai tsabta. Warƙa ɗaya ce babu, tsohuwarta ta ƙunsa kanwa a ciki. Ta ce in tafi da su duka, ba sai na kwafa ba. Sannan ta kwance goyo ta ɗora mini ɗanka a cinya.

Kunnuwanka ne, Laminu, fatan-fatan, ba a rage komai ba. Ga layar a ƙirjinsa, ja, mai kauri, ta yi masa girma. Ina wasa da shi idona na kanta. Na ji kunyar kaina, amma ban yi tafiyar nan don in koma da kunya ba. Na ce mata aro nake so. Zan farke ɗinkin a hankali, in kwafa, in kai wa baduku ya mayar yadda take, ko yini biyu ba za a yi ba.

Sai ta ba ni labari. Cikin sanyin da ya wuce ta cire masa igiyar za ta yi masa wanka, aka kira ta, ta manta ba ta mayar ba. A ranar zazzaɓi ya kama shi da gudawa, har idanunsa suka kafe, har tsohuwarta ta fara cewa a kira maza. Ta tuna, ta lalubo layar ta ɗaura masa, da gari ya waye ya kama nono. Tun ranar ko wanka da ita take yi masa. Kuma kowa ya sani, in aka buɗe laya ta tashi aiki, ko an mayar da ɗinkin fata ce kawai.

Ni da kai mun yi lakwal. Na san abin da ke cikin fatar nan, na san babu komai sai layuka da alƙaluman Faransawa da yadda ake rage darajar tsohon kaya. Na san zazzaɓi yana zuwa yana tafiya ba da izinin bilan ba. Na shirya in faɗa mata haka da lafazi mai daɗi. Ba ta bar ni ba. Ta ce akwai abin da ya daɗe yana cin ta. Ranar da jikinka ya yi tsanani ka ce mata a kai wa Isufu, wato ni, takardun nan, ka faɗa ka sake faɗa. Ita kuwa ga takaba ga naƙuda, ba wanda ya tambaye ta, sai da aka gama rabo ta ji. Ta ce maganarka ce, ba za ta tsallake ta ba. Ta sunkuyo ta kwance igiyar da kanta, ta zare jar ta sa mini a tafin hannu. Ta aika aka karɓo askar babanta.

Da ɗuminta na karɓe ta, ɗumin jikin yaron, tana warin nono. Na juya ta na sami bakin zaren. Ga aska a hannun dama, ga izininka, ga izinin uwarsa, ga Damagaram saura 'yan makonni. Ba abin da ya rage sai in ja. Na dubi Audi, ga sawun igiya a wuyansa, wurin ya fi sauran jikin haske. Sai ya yi tari. Tari ɗaya, irin wanda kowane yaro ke yi in ya haɗiyi miyau ba daidai ba. Hajara ta zabura gaba ɗayanta, ta kai hannu, sai kuma ta janye ta matse shi a cinya, ta kawar da kai don kada in gani.

Na gani. Na lissafa abin da zai biyo baya, tun da lissafi ne sana'ata. Zan tafi da warƙoƙina, in ci ko in faɗi. Ita za ta zauna a Falanko da yaro ɗaya tak da ka bar mata, ga watan zafi, ga damina tafe da sauronta, duk atishawar da ya yi sai ranta ya tashi. In kuma Allah ya yi ikonsa, ko bayan shekara ne, ta san ranar da abin ya fara, ta san wanda ya riƙe askar. Ni ma zan sani, duk lakwal ɗina.

Na ajiye askar, na zura layar a igiyarta, na ɗaura masa. Ƙullina bai yi ba, sai da ta kwance ta sake. Ba ta yi mini godiya ba, ni ma ban jira ba. Na fito na bi raƙuma, ina tafe ina zagin kaina har muka bar garin.

Na je Damagaram. Mu kaɗan ne a ɗakin jarrabawar, yawanci 'yan bakin teku masu takalma. Takardun farko na yi su kamar ina awon gero, har wani Nasara mai tsaro ya tsaya a kaina yana gyaɗa kai. Ta ƙarshe aka ce ga kayan wani kanti, a rufe masa shekara. Na ja layi na raba dama da hagu, na zuba abin da na sani. Suka ƙi haɗuwa. Na soke na sake, suka ƙi. Ga tsofaffin kaya a hannuna na rasa inda ake ajiye su, ga bashin da ba za a biya ba na rasa gidansa. Na san amsar tana nan, na ma san launin fatar da ta rufe ta. Ina cikin haka aka buga ƙararrawa aka karɓe takardu.

Sakamako ya iso da raƙumin wasiƙu bayan ruwa ya sauka. Babu sunana. Mai Lofe ko faɗa bai yi ba, ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da cusa taba, wannan ya fi mini zafi. Sabon kontabul ya zo, ƙanin matar wancan ɗin ne, yaro ne ko gemu bai fara ba. Ni na nuna masa makullai, ni nake gaya masa wace fata ce ta akuya wace ce ta tunkiya. Ba shi da laifi, yana ma gaishe ni. In na ji ƙarar alƙalaminsa daga inda nake tsaye sai in ji kamar in fita in yi ta tafiya har inda ƙafa ta tsaya.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina son kujerar nan, Laminu. Kullum ina nuna kamar kai ka ja ni, kamar don kada in bar ka kai kaɗai nake karatun. Ƙarya ne, na fi ka so. Na gaji da wari, na gaji da a kira ni da tafi, na so in ga ranar da ɗan Damargu zai riƙe makullin akwatin ƙarfen nan. Har yanzu ina so, kuma ba za a yi ba. Wani abin kuma, na san ka. Da kai ne a Falanko da ka farke ta. Da ka yi wa Hajara wasa har ta yi dariya, ka ja zaren, ka kwafe, ka ce wa yaron ya yi haƙuri babansa na da jarrabawa. Wataƙila kuma da ba abin da zai faru. Wannan wataƙilar ce ta hana ni zama. Na yi daidai, ko wauta na yi? Kai da ba ka rasa amsa, yau ina take? Ina jin haushinka ƙwarai. Ka yanka littafi, ka ɗauki mai wuyar, ka tafi ka bar ni da mata biyu da jariri da malami mai tsoron Allah. Kuma ina kewarka, har ban san wanne ya fi yawa ba.

Abin da ya tayar da ni yau shi ne wani mutumin Falanko da ya kawo fatu da hantsi. Hajara ta ba shi saƙo. Ba ta ji sakamako ba, tana tambaya ko na ci, ta ce kada ya dawo ba amsa. Da la'asar zai juya, ga shi can yana ɗaure wa jakinsa kaya yana leƙowa. Tun ɗazu nake juya abin da zan ce. In na ce na ci, ƙarya ce, kuma Habu zai tona. In na ce na faɗi, za ta ɗora wa kanta, ta ƙara a kan wanda take ɗauke da shi. Na ma ji tsoron kada ta cire layar ta aiko mini yanzu da ba ta da amfani.

Ya kuma ce Audi ya fara tafiya. Ya ratsa damina lafiya, ko mura bai yi ba. Wai in ya taka layar tana bugun ƙirjinsa, sai ya tsaya ya kama ta ya cusa a baki, duk ya tauna gefenta da sababbin haƙoransa. Ɗanka yana can yana cin babin da ya kayar da ni, Laminu. Da mutumin ya faɗa na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma suka ƙi tsayawa, sai da na shiga bayan buhuna.

Zan fita yanzu in sallame shi. Zan ce ya gaya mata ban ci ba, Allah bai nufa ba. Zan ce tambayar da ta kayar da ni daga nawa rabin ta fito, wanda na yi shekara ina haddacewa, nata ba ruwansa. Wannan ƙaryar ni zan ɗauka, kai kaɗai ka san gaskiya, kai kuwa ba ka da bakin faɗa. Sannan ya ce mata in igiyar ta tsufa ta sake sabuwa mai ƙwari, kada ta jira ta tsinke.

Sai mun haɗu, abokina. Allah ya haskaka kabarinka, ya raya abin da ka bari.

Naka,
Isufu mai awo, kantin Tanut